Fim ɗin Matrix da Mas'alar Imam Gazali

Saurayin Karaye ko na Rogo da ya je shagon masu turi aka sa masa Matrix a waya, galibi harbe-harbe da tsalle-tsallen ne za su ɗauke masa hankali, alhali kuwa a ƙarƙashinsu akwai mas'alar da ta daɗe tana wahalar da malamai.

A 1999 fim ɗin ya fito a Amurka, 'yan uwa biyu masu suna Wachowski suka shirya shi, Keanu Reeves ya fito a matsayin Neo. Ƙissar ita ce na'urori sun rinjayi 'yan Adam, sun kwantar da kowa cikin kwanso mai ruwa, sun soka masa waya a ƙeya suna tatsar lantarki daga jikinsa, sa'an nan suna zuba wa ƙwaƙwalwarsa wata duniya ta kwamfuta mai tituna da ofisoshi da ɗanɗanon abinci, har mutum ya rayu ya mutu bai taɓa zargin cewa a kwance yake ba. Wani mai suna Morpheus ya miƙa wa Neo ƙwayoyi biyu, shuɗiya ta ci gaba da gafala, ja ta farkawa, ya haɗiye jar.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga masu fim ɗin shiga wannan rami, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal. Ya tuhumi ido, domin yana nuna inuwa a tsaye cak alhali tafiya take yi sannu a hankali, abin da duk wanda ya zauna gindin bishiya a bakin madatsar Challawa, rana ta tashe shi bayan sa'a guda, zai shaida. Da ya koma ga hankali, sai mafarki ya tsaya masa, tun da mai barci yakan gaskata abin da yake gani har ya farka. To, mece ce hujjar cewa farken nan namu ba shi da wani farke a bayansa? Kusan wata biyu ya yi cikin wannan shakka, kuma da kansa ya ce ba jera dalilai ne ya warkar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a zuciya.

A ganina fim ɗin ya iya tambaya, ya kasa jawabi, domin bai tsaya ya nuna abin da ya tabbatar wa Neo cewa duniyar da ya farka cikinta ita ce haƙiƙa ba. Bindiga kawai aka damƙa masa. Wanda tambayar ta dame shi, ya nemi malamin da zai biya masa Munƙizu, littafi ne ƙarami.