CIWON BAWUL A TSOHUWAR MOTA: YADDA AKE GANE SHI DA YADDA AKE GYARA

Bayani ga Hakimai da Malamansu

Hakimi da yawa yana da tsohuwar mota wadda yake rangadi da ita, ko kuwa wadda aka ba ofishinsa amanarta. Sau da yawa mota takan rasa ƙarfi, a kira makaniki, ya ce sai an sauke injin duka. A kashe kuɗi masu yawa, alhali kuwa abin da ya ɓaci ɗan ƙarfe ne wanda tsawonsa bai kai taƙi ba. Sunan wannan ƙarfe bawul. Ba nufin wannan takarda ba ne ta mai da Hakimi makaniki. Nufinta shi ne ya san abin da zai tambaya kafin ya yarda a buɗe injin, malaminsa kuma ya san abin da zai rubuta.

Misalin da za a bi shi ne Land Rover, domin ta saba da hanyoyin ƙauye. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, a 1958 kuma aka sa mata injin fetur mai silinda huɗu na lita biyu da kwata, aka yi ta ƙera shi fiye da shekara 20.

1. Aikin bawul

Kowace silinda tana da ƙofa biyu. Ta ɗaya ce fetur da iska ke shiga, ta ɗayar kuma hayaƙi ke fita. Bawul shi ne murfin ƙofar, siffarsa kamar ƙusa mai faffaɗan kai. Injin mai silinda huɗu bawul takwas gare shi.

Abin da ke buɗe su wani dogon ƙarfe ne mai ƙusumbi-ƙusumbi, sunansa kamshaf, sarƙa ce ke juya shi. Ƙusumbin ya ɗaga tafet, tafet ya tura wata 'yar sanda, sandar ta ɗaga gefe guda na roka, ɗaya gefen ya danna bawul ya buɗe. Da ƙusumbin ya wuce sai sifirin ya ja bawul ya rufe. In injin ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya yake juyawa. Watau in injin na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 25 a daƙiƙa guda.

2. Ratar da ake bari

Ƙarfe in ya sha zafi ƙaruwa yake yi. Saboda haka maƙeran injin suka bar 'yar rata tsakanin roka da kan bawul. A Land Rover ɗin da aka ambata, ratar kashi ɗaya ce cikin ɗari na inci, watau milimita 0.25, misalin kaurin takarda biyu ko uku. Haka take ga bawul takwas ɗin duka, ko injin na da zafi ko da sanyi. Volkswagen Beetle kuwa tata milimita 0.15 ce, ba a kuwa auna ta sai injin ya huce sarai. Kowace mota da nata ma'auni, yana cikin littafinta.

In rata ta yi yawa, sai a ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga saman injin, ƙarfi kuma ya ɗan ragu. In ta yi kaɗan, ba a jin kome, amma a nan ɓarna take. Bawul ɗin hayaƙi yakan yi zafi har ya yi ja kamar garwashi, ba kuwa inda yake sauke mafi yawan zafin nan sai a mazauninsa, cikin ɗan lokacin da ya rufe. In babu rata ba zai zauna sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa, har ta cinye bakinsa.

To, a lura da wannan ƙwarai. Direbobi da yawa ba su son ƙara, sai su sa a matse rata har injin ya yi shiru, su ce an gyara. Ba gyara ba ne, ɓarna ce aka saya da kuɗi. Bawul mai 'yar ƙara aikin rabin sa'a ne. Bawul da ya ƙone kuwa sai an cire kan injin.

3. Alamomi

Ƙara siririya daga sama, wadda ke saurin bugawa in an taka totur: galibi rata ce ta yi yawa, ko roka ya ci. A ɗora bakin doguwar sukudireba a kan murfin roka, a kara kunne a ƙotarta, za a ji wajen da ƙarar ta fi. Amma in bugu ne mai nauyi daga ƙasan injin, wannan ba na bawul ba ne. A kashe injin nan take.

Injin na rawa in mota na tsaye, ba ta iya hawan tudu: wataƙila silinda guda ba ta aiki. A riƙe 'yar takarda a bakin salansa. In hayaƙi na tura ta waje, sa'an nan lokaci-lokaci ana zuƙo ta ciki, ana zaton bawul ɗin hayaƙi ya ƙone.

Tari ta kafireta: ana zaton bawul ɗin shiga ba ya rufewa sosai.

Shuɗin hayaƙi da safe in an tayar da injin, ko bayan gangara mai tsawo, sa'an nan ya ɗauke: bututun da bawul ke zirga-zirga a cikinsa ya ci, ko robarsa ta mutu, baƙin mai na zurarowa cikin silinda.

Motar da ta daɗe a ajiye: tsohon fetur yakan zama danƙo ya kama bawul. In an tilasta injin, sandar turawa takan lanƙwashe.

Waɗannan duka zato ne, ba hukunci ba. Mataccen fulogi, da kafireta mai dauɗa, da wutar da ba a daidaita ba, duk suna kawo irin waɗannan alamu. A fara duba su, don su ne masu araha.

4. Awon matsi

Gani ya kori ji. Akwai wani ma'auni mai fuska kamar agogo, wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi don a ga ƙarfin matsin kowace silinda. A ɗumama injin, a cire fulogi duka, a taka totur har ƙasa, a juya injin, a rubuta abin da kowace silinda ta nuna. Ya kamata huɗun su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce misalin kashi ɗaya cikin goma.

In guda ta gaza, a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin fulogi, a sake awo. In matsi ya tashi, laifin ringin fistin ne, domin mai ya toshe inda iska ke zurarewa. In bai tashi ba, laifin bawul ne. In kuwa silinda biyu maƙwabtan juna suka gaza tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

Kada Hakimi ya yarda a cire kan injin sai an nuna masa lambobin nan huɗu.

5. Daidaita rata

A ja birkin hannu, a cire giya, a zare makulli. A cire murfin roka. A ƙidaya bawul daga gaban injin, 1 zuwa 8. A juya injin da hannu sannu-sannu har bawul na 8 ya buɗe iyakar buɗewa, sa'an nan a auna na 1. In na 6 ya buɗe a auna na 3, in na 4 ya buɗe a auna na 5, in na 7 ya buɗe a auna na 2, haka har a gama. Hanyar tunawa mai sauƙi ce: lambar wanda ya buɗe da ta wanda ake aunawa kullum tara suke tashi. Wannan lissafi na wannan injin ne da ire-irensa. Bai shafi Beetle ba, bai kuma shafi Land Rover na farko-farko ba, waɗanda bawul ɗinsu na hayaƙi a gefen injin yake.

Ana awon da 'yan ɓallayen ƙarfe sirara, kowane da lambar kaurinsa. A sassauta noti, a juya ƙusar roka har ɓallen ya riƙa shiga da ɗan ja kaɗan, a riƙe ƙusar, a ɗaure noti, a sake aunawa. Kafin a mai da murfi, a ta da injin a ga ko mai na isowa kan roka. Roka busasshe ba ya daɗewa.

6. In bawul ya ƙone

A nan tilas a cire kan injin, wanda makanikai ke ce wa tof silinda. A kwantar da shi, a zuba kananzir a kowace ƙofa. Inda ya yoyo ta bakin bawul, nan ciwon yake. A huda kwali rami takwas, a sa musu lamba, kowane bawul da aka cire a soka shi a raminsa, don kowa ya koma gidansa.

A kankare baƙin toka da ya taru. Bawul da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko bakinsa ya yi siriri kamar wuƙa, a sake sabo. Wanda tabonsa kaɗan ne, a shafa masa man wasa bawul, a zaunar da shi, a murza shi tsakanin tafuka kamar yadda ake burga miya da maburgi, ana ɗagawa ana sake wuri, har a ga zobe mai ruwan toka ya kewaye bakinsa da mazauninsa ba yankewa. A wanke man nan sarai, don yashi ne, ragowarsa cin injin take yi. In bawul na girgiza cikin bututunsa, a sake bututun, in ba haka ba wasan banza ne.

A sa sabon gasket, ba a mai da tsoho. A ɗaure ƙusoshi daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Bayan tafiyar 'yan kwanaki a sake duba ɗaurin, a sake auna rata.

7. Fetur ya sake

An ƙera tsofaffin injuna a zamanin da ake zuba dalma cikin fetur. Dalmar nan takan shafe mazaunin bawul ta kāre shi, amma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun gama daina sayar da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Saboda haka a kan injin na baƙin ƙarfe, bawul ɗin hayaƙi yakan riƙa nutsewa cikin mazauninsa a hankali, musamman in ana gudu mai tsawo da kaya. Alamarsa ita ce duk lokacin da aka auna, sai a tarar rata ta ragu. Maganinsa na dindindin shi ne a kai kan injin wajen masu injin yankan ƙarfe, su dasa masa mazauni na ƙarfe mai tauri.

8. Aikin malami

Kowace mota ta sami littafinta. Malami ya rubuta ranar awo, da nisan tafiyar da agogon mota ya nuna, da ratar da aka tarar a kowane bawul tun ba a taɓa ta ba, da lambobin matsi, da kayan da aka saya. Duk abin da aka cire a kawo wa Hakimi ya gani. Da wannan littafi za a gane bawul mai nutsewa tun bai ƙone ba.

A auna rata kafin a fita dogon rangadi. Lokacin hunturu kuma a yawaita wanke matatar iska, domin ƙura na cin bawul da bututunsa. Rigakafi ya fi magani. Sa'a guda a ƙofar gida ta fi kwana biyu a daji ana jiran motar da za ta jawo.