Daga Fadar Tsibiri Zuwa Bakin Gulbi

Garin Tsibiri, wanda yake cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, yana da tazarar da ba ta kai kilomita 15 ba daga birnin Maraɗi, kuma a nan ne gadon sarautar Gobir yake tun kusan shekara 190 da suka wuce. Iyalin da ya ware hantsi guda domin ya taka a ƙafa daga ƙofar fadar Sarkin Gobir, ya gangara zuwa fadamar Gulbin Maraɗi, zai ga cewa tarihin sarautar da rayuwar itatuwa da tsuntsayen kwarin a haɗe suke, domin kwarin ne ya sa aka kafa garin a inda yake.

Bayan da rundunar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808, aka kashe Sarki Yunfa, gidan sarautar ya yi ta gwagwarmayar farfaɗowa har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Sarkin Gobir Mayaƙi ne ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri daura da Maraɗi, inda Katsinawan da suka yi gudun hijira suka riga suka zauna. An zaɓi wurin da dalili, domin a wancan zamani kwarin gulbin kurmi ne mai duhu, wanda yake hana dawakin abokan gaba sukuwa, yake kuma ba mazauna ruwa kusa da ƙasa mai albarka. Daga baya wani reshe na gidan ya ɓalle ƙarƙashin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, wanda iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata ta bar shi a Nijeriya, Tsibiri kuma ya faɗo cikin Nijar.

Mai ziyara da yara ya kamata ya sani cewa fadar gida ce da ake zaune a ciki, ake zaman fadanci da sulhu, saboda haka shigarta tana bukatar sallama da neman izini daga dogarai, da tuɓe takalma inda aka ga fadawa sun tuɓe, da gaisuwar ranka ya daɗe. A nan ne yaro zai fara jin sunan Taran Gobir, wato majalisar manyan hakimai tara da al'ada ta ɗora wa zaɓen sarki, da kuma sarautar Inna, wadda ake naɗa wa mace daga gidan sarauta, take shugabantar mata da harkokin bori tun kafin jihadi, kamar yadda Iya take a Maraɗi. Dattawan da suke zaune a inuwar ƙofar fada, wasunsu ɗauke da tsagen Gobirawa da ya taso daga gefen baki ya bazu kan kunci, sun fi kowane littafi iya jero sarakuna tun daga Bawa Jangwarzo, kuma abin takaici ne a ce yaran gari suna wuce su kullum ba tare da wani babba ya zaunar da su sun saurara ba.

Gangarawa fadama ta fi daɗi a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rana ba ta da zafi, ruwa kuma ya janye ya bar lambuna. Gulbin Maraɗi kogi ne na damina kawai, wanda yake tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar, sannan ya koma Nijeriya ya haɗe da Rima, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan da yake isowa ya dogara ƙwarai da abin da aka saki daga can. Bushewarsa da rani bai kamata ta ruɗi kowa ba, domin ambaliyarsa ce a 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi har aka mayar da birnin kan tudu.

Kurmin da ya kare Mayaƙi ya daɗe da zama gonaki, manyan namun daji kuma sun ƙaura, saboda haka abin da iyali zai gani ƙananan halittu ne masu bukatar haƙuri da sassauta murya. Kurege yana tsayawa kan ƙafafunsa na baya a bakin rami, ya ɗaga wutsiyarsa mai yalwar gashi, ya dubi mai zuwa kafin ya shige. Damo yana shan hantsi a gindin suri. Balbela tana bin sawun shanu tana tsintar farin da kofato ya tayar. Cilakowa kuma tana tashi daga wannan itace zuwa wancan da dogon bakinta mai lanƙwasa. Shamuwa kam sai gab da damina take isowa daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, abin da ya sa manoma suke ɗaukar zuwanta a matsayin albishir na ruwa, ba sa kuma yarda yaro ya jefe ta.

Itacen da ya fi cancantar a tsaya a gindinsa shi ne gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa da yake yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Wannan hali ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya kaɗe yana zama taki, 'ya'yansa kuma abinci ne ga awaki a lokacin da ciyawa ta ƙare. Yawan gawo da kalgo da sabara da aduwa da ake gani yanzu a gonakin yankin aikin hannun manoma ne, ta hanyar abin da ake kira sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon da ya fito daga tsohon kututture, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya datse saura, maimakon ya share gonar ƙarƙaf. Dabarar ta bazu a jihar Maraɗi bayan farin shekarun 1980, da taimakon Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, kuma an ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a wannan fage, domin mutanensa sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa maza da mata da makiyaya.

Iyalin da yake gabas, wajen Gazawa, yana da nasa wurin yawo a kwarin Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa, mata suke yankar kaba domin saƙar tabarmi da igiya, yara kuma suke gwaguyar 'ya'yan. A can ma tsiron goribar da aka bari ya girma ne kaɗai yake zama itace, domin wanda ake yanka kowace shekara a ƙasa yake tsayawa, kuma manoman da suka gane haka sun fara killace 'yan tsiro a gonakinsu har su fi ƙarfin bakin akuya.