Ranar Miƙa Mabuɗi: Wa Ke Ƙirga Kayan Gidan Tarihi?

Duk wanda ya shiga Arewa House, a lamba 1 kan titin Rabah a Kaduna, yakan fara da gidan Sardauna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, ya duba hotuna da kayayyakinsa, ya yi addu'a ya fita. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi yadda wurin ya kai shekara hamsin da ɗoriya bai watse ba, alhali cibiyoyi da yawa da aka kafa tare da shi sun zama kufai. An kafa shi a 1970, Farfesa Abdullahi Smith ne daraktansa na farko, kuma ya rasu a 1984. Cikin waɗanda suka riƙe ragamar bayansa akwai Dakta Bashir Ikara, wanda mutanen yankinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan ke alfahari da shi, sai irin su George Kwanashie da Hamid Bobboyi da Mahmoud Hamman da Kabiru Chafe. Kowanne ya zo da abin da ya fi ba shi sha'awa, wani taruka da laccoci, wani tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, amma ba wanda ya tafi da gidan a aljihunsa. Dalili kuwa a fili yake: wurin yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kujerar darakta tana da wa'adi, akwai wanda zai naɗa wani idan wa'adin ya cika, akwai kuma wanda za a yi wa bayani.

Wannan ɓangare na aikin gidan tarihi ba ya ɗaukar ido. Ba a zuwa yawon buɗe ido don a ga takardar miƙa aiki ko rahoton mai binciken kuɗi. Amma a ganina a nan ne ake gane gidan da zai rayu da wanda zai mutu tare da mai shi.

Ƙasar Denmak ta daɗe da gane haka. Yawan jama'arta kusan miliyan 6 ne, wato daidai da abin da ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kaduna, amma da wuya ka sami gunduma a can da ba ta da gidan tarihinta. Yawancinsu ba gwamnati ce ta gina su ba. Malaman makaranta ne da manoma da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiya, suka tara tsoffin kayan noma da na ɗaki, suka nemi gini. Den Gamle By da ke birnin Aarhus, inda aka kwaso tsoffin gidaje daga garuruwa daban-daban aka sake gina su wuri guda, wani malamin makaranta mai suna Peter Holm ne ya tsaya a kansa har aka buɗe shi a 1914, ya kuma jagorance shi zuwa 1945. Mutum ɗaya ya riƙe wuri shekara talatin, ga shi kuma da ya sauka wurin bai girgiza ba, domin tun yana kan kujera kayan ba nasa ba ne, na cibiyar ne, kuma cibiyar tana da tsarin mulkinta a rubuce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne babban taron shekara na irin waɗannan ƙungiyoyi, wanda galibi ake yi a watan Maris ko Afrilu. Kowane ɗan ƙungiya da ya biya kuɗin shekara yana da kujera da ƙuri'a. Abu na farko da ake yi shi ne zaɓen wanda zai jagoranci zaman, kuma a al'ada ba shugaban kwamiti ba ne, don kada mutum ya zama alƙalin kansa. Sai shugaba ya tashi ya karanta rahoton shekara: abin da aka karɓa, abin da aka gyara, yawan baƙin da suka shigo, rufin da ke yoyo. Sai ma'aji ya kawo lissafin kuɗi wanda mai bincike ya riga ya sa wa hannu, a tambaye shi, a amince ko a ƙi. A tsayar da kuɗin ƙungiya na baɗi. Daga nan a yi zaɓe, amma ba a sauke kwamiti gaba ɗaya. Wasu kujeru ne ke faɗuwa bana, sauran sai wata shekarar, saboda kullum a sami wanda ya san inda aka tsaya. Idan darakta zai yi ritaya, kwamitin ne ke tallata kujerar, ya tantance masu nema, ya ɗauki ɗaya.

Gwamnati tana nan a baya da sandarta. Dokar gidajen tarihi ta Denmak ta ɗora wa duk gidan da ke karɓar tallafin ƙasa ayyuka biyar: tattarawa, rajista, adanawa, bincike da isar da ilimi ga jama'a. Ta wajabta a sami shugaba mai ilimin fannin, ta hana a fitar da wani abu daga cikin kayan ba tare da izinin hukuma ba, ta kuma ce tsarin mulkin gidan ya faɗi inda kayan za su koma in an rufe shi. Wato tun ranar suna an yi wasiyya.

Cikin ayyukan nan biyar, rajista ce uwa. Christian Jürgensen Thomsen, wanda aka damƙa wa tarin kayan tarihin ƙasar a Kopenhagen a 1816, ya shahara da raba zamanin da zuwa na dutse da na tagulla da na ƙarfe. Abin da ya kai shi ga wannan fahimta kuwa naci ne wajen rubuta inda aka tsinci kowane abu da abin da aka same shi tare da shi. Ya rasu a 1865, almajirinsa Worsaae ya ɗora daga inda ya tsaya, saboda akwai abin ɗorawa a kai. Shafin rajista ba wani abin mamaki ba ne: lamba, sunan abu, tsawo da faɗi, wanda ya kawo, garin da ya fito, ranar karɓa, kantar da aka ajiye shi, yanzu kuma da hoto. Lambar nan ana rubuta ta a jikin kayan da kansa. In babu ita, takobi takobi ne kawai, kuma wanda ya ɗauke shi ya ajiye wani a madadinsa ba mai iya kama shi.

Kada a ɗauka talauci ne kaɗai ke kawo sakaci. A watan Agustan 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace, ko an sace ko an lalata, yawancinsu ƙananan duwatsun ado da zinariya da ba a kammala yi musu rajista ba. Wanda ya fara tona asirin, tun 2021, wani dillalin kayan tarihi ne ɗan Denmak, Ittai Gradel, da ya ga ana sayar da wasu a intanet. Ba a saurare shi da wuri ba, kuma daga ƙarshe darakta Hartwig Fischer ya ajiye aiki. Mu ma mun ɗanɗana: a 1987 an shiga gidan tarihin Jos an kwashe kaya masu daraja.

A Najeriya tsarin daga sama ya faro. Kenneth Murray ya fara aikin kula da kayan tarihi a 1943, Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952, Ekpo Eyo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci aikin, daga 1968 zuwa 1986, kuma a zamaninsa ne doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ita ke riƙe da Gidan Makama a Kano da gidan tarihin Kaduna da aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC. Shugaban ƙasa ke naɗa babban daraktanta. Bayan saukar Yusuf Abdallah Usman a 2017, masu riƙon ƙwarya ne suka yi ta riƙe hukumar har 2020 da aka naɗa Farfesa Abba Isa Tijani, sannan Olugbile Holloway ya karɓa a 2024. Mai riƙon ƙwarya kuwa, ko a ina yake, ba ya fara aikin da zai ci shekara biyar. Ƙirga kayan sito irin wannan aikin ne. Kuma ko an rubuta rahoto, sama yake tafiya, zuwa Abuja ko majalisar jami'a. Mutanen da kakanninsu suka ƙera kayan ba su da ranar da za su zauna a karanta musu, su ɗaga hannu su yi tambaya.

To, ina Ikara da Maƙarfi da Kudan a cikin wannan zance? Wani zai ce ai sai da gidan tarihi ake maganar shugabancinsa. Ni kuwa na ce kayan tarihin suna nan, masu riƙe da su ma suna nan, kuma suna sauyawa kullum ba tare da kowa ya ƙirga komai ba. Akwai tambura da kakaki da sirdi da lifidi a gidajen hakimai. Akwai tsoffin garuruwa irin Paki da Auchan da Likoro da Hunƙuyi. Akwai injinan matse rake na da, waɗanda doki ke juyawa, da manyan kaskon dafa mazarƙwaila da suka sa sunan Maƙarfi ya kai kasuwannin nesa. Yau da yawansu suna jingine a bayan gida suna jiran ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa ya saye su a kan nauyin ƙarfe. Akwai kuma gafakar malamai. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gadon wani tsohon malami ya san yadda abin ke kasancewa: a kwance igiyar gafaka, a fito da takardu marasa ɗinki da suka yi ja don tsufa, wannan ɗa ya ɗauki rabi don tabarruki, wancan ya ɗauki rabi, 'yar da ke aure a wani gari a ba ta 'yan warƙoƙi. Ba wanda ya yi mugunta, kowa haƙƙinsa ya karɓa, amma littafin ya mutu a wannan yammacin, domin ba za a sake haɗa farkonsa da ƙarshensa ba.

Takardun mulki ma haka. Ƙaramar Hukumar Ikara ta 1976 ita aka yi ta yankawa, aka fitar da Maƙarfi, sannan a 1996 aka fitar da Kudan. A farkon shekarun 2000 an ƙara yawan gundumomi a Jihar Kaduna, sai a 2017 gwamnati ta rage hakimai daga 390 zuwa 77. Ba ina magana a kan dacewar wannan mataki ko rashinta ba. Abin da nake nufi shi ne kowane irin wannan sauyi ranar miƙa mabuɗi ce: akwai kundin haraji da na shari'ar gona da wasiƙun fada da suka sauya hannu. Ɗalibin da ke son tarihin Ikara a zamanin Turawa zai iya zuwa Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna ya nemi fayilolin Lardin Zazzau, su fito da lambobinsu. Abin kunya ne a ce na shekarun da muka riƙe kanmu sun fi wuyar samu.

Kuma ba baƙon abu ake nema mu koya ba. Sarautar Hausa ta san ƙirga kaya a ranar sauyi. A Katsina sabon sarki yana karɓar takobin nan Gajere da sauran kayan gado a gaban jama'a. A Kano akwai tagwayen masu. An san su ɗaya bayan ɗaya, an san mai ajiye su, kuma da ɗaya zai ɓata da gari ya ɗauka. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan hankali ya wuce kayan sarki, a kuma sa shi a takarda. Ginin ma yana buƙatar mai dubawa a kan lokaci. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a kan masallata ranar 11 ga Agustan 2023, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Nan kusa da mu a Maigana, cikin Ƙaramar Hukumar Soba, akwai tsohon masallacin da ke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Ginin ƙasa yana so a duba shi kafin kowace damina, a rubuta abin da aka gani, wani kuma ya karanta.

Akwai inda misalin Denmak ba zai zauna mana daidai ba, gaskiya. Su suna da tallafin gwamnati mai zuwa a kan kari, da 'yan fansho masu lokaci da abin hannu. Mu kuwa mun san yadda ƙungiyoyin ci gaban gari ke ƙarewa: a kafa da zafi, shugaban farko ya zauna har abada, ma'aji ya riƙe kuɗi a asusunsa, zaɓe ya zama rigimar unguwa da unguwa ko ta jam'iyya. Ga kuma tsoro mai tushe, cewa duk abin da aka rubuta aka bayyana an nuna wa ɓarawo hanya, ko gwamnati ta zo ta ɗauke. Wannan tsoron yana da magani. Rajista ba ta nufin a raba iyali da kayansu. Abu yana iya zama a ɗakin mai shi, a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, kwafi ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a Arewa House ko sashen tarihi na jami'a a Zariya, ba tare da an yi shela ba. Wayar hannu da babban littafi mai bango sun isa a fara.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da hakimanmu da ƙungiyoyin ɗalibai shi ne kada a fara da neman kwangilar gini. A fara da kwamiti ƙarami mai wa'adi a rubuce, wanda ba a sauke shi gaba ɗaya, da malamin tarihi ɗaya aƙalla a ciki. A tsayar da rana guda a shekara, ko kashegarin hawan Sallah lokacin da 'yan gari ke gida, a karanta abin da aka rubuta da abin da aka kashe a bainar jama'a. Kuma duk wanda zai sauka, hakimi ne ko sakatare ko shugaban kwamiti, kada a karɓi mabuɗi daga hannunsa sai an bi kayan ɗaya bayan ɗaya, shi da magajinsa da shaidu biyu sun sa hannu.