Kwale-Kwale Ba Ya Kifewa Haka Kawai

A ƙauyukan bakin Kogin Neja da tafkin Kainji, daga Yawuri zuwa Warrah a Jihar Kebbi, har Borgu da Mokwa a Jihar Neja, ruwa shi ne hanya. Ta nan ake cin kasuwa da zuwa gona, ta nan ake kai amarya. Amma kusan kowace damina sai an ji labarin kwale-kwale ya kife, a yi jana'iza, a ce ƙaddara ce, sannan a koma gidan jiya.

A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warrah, maƙare da mutane da babura, ya tsage a tsakiyar ruwa, mutane da dama suka salwanta. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, jirgin da ya ɗebo 'yan Islamiyya daga Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya nutse a madatsar Watari, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. A Oktoban 2024 kuma, jirgin da ya kwaso mahalarta taron Mauludi kusan 300 ya kife da daddare kusa da Gbajibo a yankin Mokwa.

Duk wanda ya dubi waɗannan haɗurra zai ga dalilan kusan iri ɗaya ne. Akwai lodin da ya wuce ƙima, domin matuƙi na son kuɗin kowane fasinja, fasinja kuma ba ya son a bar shi a gaɓa. Akwai tafiyar dare, lokacin da ba a iya hango kututturan itatuwa da ruwa ya rufe. Akwai tsofaffin jiragen katako da aka yi ta toshe wa ɓaraka. Sai kuma ƙin sa rigar kariya, alhali mata da ƙananan yara, waɗanda suka fi cika jirgin biki da na Mauludi, yawancinsu ba su iya iyo ba. Idan abu ya faru, masunta ne kaɗai ke kusa. Kafin jami'an agaji su iso daga birni, sai dai a tsamo gawa.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Sai dai jami'anta ba za su iya tsayawa a kowace mashiga ba. Saboda haka nauyin ya dawo kan sarkin ruwa da masu unguwa da shugabannin matuƙa: a rubuta adadin da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa, a hana tashi bayan faɗuwar rana. Masu shirya biki ko Mauludi su raba jama'a sahu biyu ko uku, su kuma tashi da wuri.

Kai kuma fasinja, ka dubi gefen jirgi kafin ka shiga. In ka ga ruwa ya kusa taɓo baki, sauka ka jira na gaba, ka sauke iyalinka tare da kai. Tawakkali bai hana ɗaukar mataki ba, kuma kasuwar da ta wuce ka yau za ta sake ci mako mai zuwa.