Lauje: Ƙaramin Ƙarfen da Ke Riƙe da Gonakin Arewacin Kano

Babu ɗalibin wannan makaranta da bai taɓa cewa "akwai lauje cikin naɗi" ba, musamman lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai ko ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa. Amma da za a ajiye mana laujen a kan tebur, a ce kowa ya faɗi irin ƙarfen da aka ƙera shi da shi, da dalilin lanƙwasarsa, da yadda ake wasa shi, wallahi da yawanmu shiru za mu yi, har da mu 'yan sashen injiniya. Ni daga wani ƙauye nake a yankin Ɗambatta, kuma abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai shi ne cewa a wajenmu lauje ne ke kai ciyawa bakin dabba, dabba ta ba da taki, taki ya ba da hatsi. In ya fita daga hannun mutane ba tare da an sami madadinsa ba, gona ce za ta ji a jikinta.

Gonar da ba ta hutu

Wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi ko Ɗambatta zai lura cewa gona na manne da gona, da wuya ka ga daji ko saura. Tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa bincike a kan wannan yanki na kewayen Kano mai cunkoson jama'a, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasa ake nomawa kowace shekara. To, ƙasar da ba ta hutawa da me take rayuwa? Da taki.

Ga yadda abin yake. Daga saukar damina wajen watan Yuni har zuwa kaka, ba a sakin tumaki da awaki, don babu inda za su bi ba su shiga gonar wani ba. Sai a ɗaure su a turke cikin gida, a riƙa kawo musu abinci. Yara da manya kan fita da lauje su yanko harƙiya, kyasuwa da burburwa a kan iyakar gona, bakin hanya da gefen fadama. Dabba ta ci, ta yi kashi a wuri guda, a haɗa da toka da sharar gida. Da rani a kwashe a mangala bisa jaki ko a amalanke, a kai gona a jibge tsibi-tsibi. Ka ga ke nan ciyawar da aka yanka a watan Agusta ita ce ke komawa gona a watan Afrilu.

Aikin lauje bai tsaya nan ba. Da shi ake yankan shinkafa da alkama a wuraren noman rani irin na madatsar Watari da ke Bagwai da ta Tomas. Da shi ake yankan riɗi, da gamba ta saƙar zana, da shuci na jinka. Idan rani ya tsananta, makiyayi kan ɗaura shi a kan doguwar gora ya saro ganyen gawo, itacen da ke yin ganye lokacin da sauran suka kaɗe. Gero da dawa kam nasu daban ne, da magirbi ake kwantar da karansu, sannan a bi a yanke kawunan a ɗaure dami.

Me ya hana mu amfani da dogon laujen Turawa?

Wasu sun ga bidiyonsa a intanet: lauje mai ƙota kusan tsayin mutum, da ruwa mai tsawon santimita 60 zuwa 90, mutum na tsaye yana kaɗa shi daga dama zuwa hagu, ciyawa na kwanciya a jere. A Austiriya har yau ana ƙera shi, kuma a Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffinsa. Babu shakka ya fi namu sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya sa ciwon baya irin na sunkuyo.

Sai dai fa an yi shi ne don fili shimfiɗaɗɗe mai shuka iri ɗaya. Gonarmu kunya-kunya ce, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a haɗe, ga itatuwa a tsakani. Ka kaɗa dogon lauje sau ɗaya a nan, ka tafi da yaɗon waken mutane. Laujenmu gajere ne saboda mai yanka zaɓe yake yi: ya kama wannan, ya bar wancan. Inda na ga dogon zai iya yin amfani shi ne fagen alkama ko shinkafa da aka baje shi sosai, kuma wannan abin gwadawa ne ga mai neman batun furojet.

Daga tama zuwa sifirin

Ƙira tsohuwar sana'a ce a nan. An sami alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsohon ƙarfen Turawa ya yawaita, maƙera suka bar wahalar narka tama suka koma kansa. Philip Jaggar ya yi littafi guda a kan maƙeran birnin Kano da irin wannan sauyi, wanda ya fito a 1994.

Yau laujen kirki daga sifirin ɗin mota ake yin sa. Dalilin a cikin lakcarmu yake: sifirin na ɗauke da sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin 100, shi kuwa ƙarfen falanki ko na ƙofa bai kai 0.3 ba, don haka ba ya ɗaukar tauri ko an tsoma shi a ruwa. Maƙeri zai hura gawayin ƙirya da zugazugi, ya kama ƙarfen da awartaki, ya buga shi a kan uwar maƙera har ya baje ya lanƙwashe. Sai ya mayar da shi wuta ya yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyas, ya tsoma. A nan ya yi tauri amma yana iya karyewa kamar kwalba, sai an ɗan sake ɗumama shi kaɗan ya saki. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfe yake karantawa. Daga ƙarshe ya ƙona wutsiyar ƙarfen ya cusa ta cikin ƙota.

In za ka saya, ka goga magagari a bakinsa. Idan magagarin ya ci shi cikin sauƙi kamar sabulu, ajiye musu kayansu. Idan yana zamewa yana ci da ƙyar, ka sami na ƙwarai.

Riƙo, washi da ajiya

Hannu ɗaya ke tattaro ciyawa, babban yatsa na kallon sama, lauje ya shiga ta ƙasan hannun, a jawo shi da ɗan zagaye. Lanƙwasar ce ke tara ciyawar wuri ɗaya don kada ta zille. Kafin ka sa hannu cikin duhuwa, ka fara bugun ta da sanda saboda maciji. Kada ka yanka inda aka yi feshin maganin ciyawa, guba za ka kai wa dabba. In kuma ka yanke, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a je asibiti a duba batun allurar tetanus.

Lauje mai santsin baki da dutsen washi ake wasa shi, a jiƙa dutsen, a bi lanƙwasar daga gindi zuwa tsini. Mai haƙora, irin wanda ake sayarwa don shinkafa, gefen da ba shi da haƙoran ake gogawa, in ba haka ba ka share su. Ina jan kunnen 'yan wokshof: injin washi na cinye lauje, kuma da zarar bakin ya koma shuɗi, zafi ya kashe taurin da maƙeri ya sha wahala a kai. Lauje maras kaifi shi ya fi yankan mutum, domin ƙarfi ake sa masa har ya kuɓuce.

Bayan aiki a goge danshin ciyawa, a shafa ɗan man gyaɗa don hana tsatsa. Baƙin mai ma na hanawa, amma bai dace da ƙarfen da ke taɓa abincin dabba ba. A rataye shi sama, nesa da yara da gara. Ƙota in ta fara girgiɗi a canza ta, kar a jira ranar da ruwan zai fice.

Abin da ke tafiya a buhun 'yan gwangwan

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin laujuna suna ƙarewa. Mai gida ya rasu, a share ɗakinsa, 'yan gwangwan su auna ƙarafan a kilo su biya kuɗin da bai kai na kwanon abinci a kantin makaranta ba. Da su ake tafiya da siffar da wani maƙeri ya gada daga kakansa: faɗin lanƙwasa, kaurin baya, tsawon ƙota. Babu zanen waɗannan a takarda. A gefe guda feshi na rage ciyawar bakin gona, 'ya'yan maƙera da dama sun koma walda ko acaɓa.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai mai sauƙi ce. A ware kabad ɗaya a ɗakin karatu ko wokshof. Duk wanda ya tafi hutu ya nemi izini a gida ya taho da tsohon lauje guda, ko magirbi, ko sungumi. Ya zo da bayaninsa a rubuce: garin da aka ƙera shi, wace maƙera, wajen wace shekara, da wane ƙarfe, me ake yanka da shi, kuma me ake kiran sassansa a can. Lauje ba bayani gwangwan ne kawai. Kada a kankare shi ya yi ƙyalli, a cire tsatsar sama da burushin waya, a shafa mai, a ɗaura masa lamba.

Daga nan kowane sashe na da abin yi. 'Yan injiniya su auna, su zana, su gwada tauri. 'Yan aikin gona su kwatanta lokacin da kowane iri ke ɗauka a fage ɗaya. 'Yan zane su ɗauki hoto, 'yan kwamfuta su adana bayanan. In muka tara hamsin daga Bichi, Kunci, Makoɗa da Gezawa, za mu iya zama da maƙera mu tambaye su dalilin bambancin da muka gani, mu kuma nuna musu abin da awo ya nuna. Hutun ƙarshen zango na tafe, kowa ya leƙa bayan rumbu da saman danga kafin mai buhu ya riga shi.