Kwarin Lauterbrunnen: Inda Ƙanƙara Take Saukowa Da Ruri

A tsakiyar ƙasar Suwizalan, cikin tsaunukan Alps, akwai wani kwari da ake kira Lauterbrunnen, wanda mutanen wurin suke alfahari da cewa ruwa yana tsirgowa cikinsa daga kan duwatsu a wurare har 72. Faɗin kwarin bai kai kilomita guda ba a mafi yawan wurare, bangon dutse ya tsare shi dama da hagu, a miƙe sak kamar an sare da gatari. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, sai ya riƙe hularsa.

Dalilin wannan siffa kuwa shi ne, dubban shekaru da suka shige wani ƙaton kogin ƙanƙara ya cika wurin, yana jan ciki a hankali yana niƙe dutsen da ke ƙarƙashinsa, har ya haƙa kwarin da zurfi. Da ƙanƙarar ta narke, sai ƙananan rafuka na gefe suka tarar an bar su can bisa, babu gangaren da za su bi. Dole suka riƙa faɗowa.

Zuwa wurin ba wuya. Daga garin Interlaken ake shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti 20, a kan hanyar dogo da aka buɗe tun 1890. Sai dai a kula da taragon da aka shiga, domin a tashar Zweilütschinen jirgin yakan rabu biyu, rabi ya nufi Lauterbrunnen, rabi ya nufi Grindelwald, baƙi da yawa kuwa sun sha tsintar kansu a garin da ba su yi niyya ba.

Tun kafin mutum ya fita daga ƙauyen zai hangi matsirgar da ta fi kowace suna, watau Staubbach. Tsawonta mita 297, kusan tsayin Dutsen Zuma ke nan daga gindinsa zuwa ƙoƙuwarsa. Ma'anar sunan da Jamusanci shi ne rafin ƙura, kuma sunan ya dace, gama ruwan ba ya isa ƙasa a dunƙule. Yana rabuwa da bakin dutsen sai iska ta kama shi, ta watsa, ta mai da shi farin hazo irin na tsakiyar hunturu, yana kaɗawa nan da can. An fafe wata 'yar hanya cikin dutsen mai matakala, wadda take kai mutum bayan ruwan, ana buɗe ta a watannin ɗumi. Shahararren marubucin nan na Jamus, Goethe, ya tsaya a gaban wannan ruwa a 1779 har ya tsara waƙa a kansa, tun daga zamanin nan kuwa baƙi ba su daina zuwa ba.

To, amma a ganinmu wanda ya ɗauki hoton Staubbach ya juya, kamar yadda akasarin masu zuwa suke yi, ya ga tallar ne kawai, bai ga hajar ba. Hajar tana can gaba, tafiyar kamar kilomita 3 cikin kwarin, ko a ƙasa ta tsakanin makiyayar shanu, ko a cikin motar safa mai ruwan ɗorawa ta hukumar gidan waya. Sunan wurin Trümmelbach.

Abin mamaki, daga bakin hanya ba a ganin kome. Jin sa ake yi. Ruwan a cikin cikin dutsen yake, ya huda shi ya yi wa kansa maƙogwaro, yana faɗowa hawa-hawa har sau 10. Ana shiga wata na'urar hawa da aka fara kafawa a 1913, ta ja mutane sama ta cikin rami, sa'an nan a ci gaba da ƙafa ta matakalu da lunguna masu fitilu. A ciki akwai sanyi da danshi ko da ana rana a waje, dutsen yana karkarwa a ƙarƙashin tafin ƙafa, mutum ya yi wa na kusa da shi magana da iyakar muryarsa amma sai dai a ga bakinsa yana motsi. Ba a shiga da yaran da ba su kai shekara 4 ba, ba a kuwa shiga da karnuka. Wanda ya je ya nemi takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa. Babbar riga da silifa ba su da wurin zama a nan.

Idan ruwan ya cika, lita 20,000 ke wucewa a kowace daƙiƙa, watau kamar a tuntsurar da durom 100 kafin ƙiftawar ido. Ba ruwa kaɗai ba ne: a shekara yakan kwaso tsakuwa da yashi da garin dutse fiye da tan 20,000. Wannan kaya shi ne yake goge bangon ramin, ya murɗa shi, ya yi masa santsi kamar cikin turmin da ya daɗe yana aiki, shi ne kuma ya sa ruwan ya yi fari-fari kamar an dama gari a ciki.

Ina duk wannan ruwa yake fitowa? A nan ne mai karatu na ƙasarmu zai ga bambanci. Matsirgar Gurara ta Jihar Neja da damina take cika, da rani ta ja baya, domin ruwan sama ne uwarta. Trümmelbach kuwa zafin rana ne yake cika ta. A bisanta akwai manyan tsaunuka uku, Eiger mai mita 3,967, da Mönch, da Jungfrau mai mita 4,158, kuma ƙanƙarar da ta daskare a jikinsu tun zamanin da ba a san farkonsa ba ita ce take narkewa ta taru ta bi wannan maƙogwaro guda. Saboda haka a Yuni da Yuli da Agusta ne rurin yake kai matuƙa. Da sanyi ya shigo sai tsaunin ya ƙulle, ruwan ya koma ɗan tsiyaya, a rufe ƙofa. Daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba ake karɓar baƙi. Ita Staubbach, da yake narkewar dusar ƙanƙara da ruwan sama ke ciyar da ita, ta fi kyau a Mayu da Yuni, idan aka yi fari kuwa takan rame ta zama kamar zare.

Watau dai abin da baƙo yake biyan kuɗi ya kalla a Trümmelbach, ajiya ce ake ci. Da can dusar da ke zuba da sanyi takan mayar da abin da zafi ya cinye, lissafi ya tashi daidai. Yanzu ba ya tashi. Masanan da suke auna ƙanƙarar Suwizalan kowace shekara sun bayyana cewa a 2022 ta rasa wajen kashi 6 cikin 100 na jimlarta, a 2023 ta ƙara rasa wajen kashi 4, watau kashi ɗaya cikin goma a shekara biyu rak. Shekarar da aka yi tsananin zafi ita ce shekarar da ruwan ya fi burge masu kallo, alhali kuwa ita ce shekarar da aka fi yin asara a can bisa. Hukumar UNESCO ta sa yankin Jungfrau da Aletsch cikin kayan gadon duniya a 2001, amma takardar shaida ba ta hana ƙanƙara narkewa.

Har ila yau, ba masu yawon buɗe ido kaɗai abin ya shafa ba. Ruwan da ya fito daga ramin yakan shiga rafin Lütschine, ya zuba a tafkin Brienz, ya bi kogin Aare, ya shiga kogin Rhine wanda jiragen kaya suke bi ta Jamus har zuwa bakin teku a Holan. A ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da ruwan sama ya yi ƙaranci, narkewar ƙanƙara ce take tallafa wa waɗannan koguna.

Su ma mutanen kwarin, waɗanda ba su kai 3,000 ba, suna da nasu damuwar. Baƙi sun yi musu yawa, suna toshe 'yar hanyar ƙauyen da motoci, wasu har suna kutsawa gonakin mutane da maƙabarta don ɗaukar hoto, har a 2024 hukumar garin ta fara shawarar sanya wa masu zuwa da mota na yini guda kuɗin shiga. Sa'an nan ga fargabar tsaunin kansa. A bayan jerin tsaunukan da suka rufe kwarin ta kudu akwai wani kwari, Lötschental. A ranar 28 ga Mayu, 2025, duwatsun da suka zubo a kan ƙanƙarar Birch suka yi mata nauyi, ta ɓalle, ta binne kusan dukan ƙauyen Blatten. Allah Ya sa masu lura da tsaunin sun ga alamu da wuri, an kwashe mazauna ƙauyen su wajen 300 da dabbobinsu kwanaki kaɗan kafin faruwar abin. Mutum ɗaya ne ya rasa ransa.