Fatar Jar Akuya da Ma'aikatar Bincike ta Samaru

Duk wanda ya taɓa shiga kara a Kasuwar Daji ko Shinkafi ran kasuwa, ya ga jajayen awaki garke garke. Mu nama muke dubawa, da ƙiba, da arha. Amma tun zamanin kakanninmu fatar wannan akuya ta fi namanta suna a duniya. Fatake sukan ɗauki jemammiyar fata daga Kano da ƙasar Sakkwato, su ƙetare Sahara da ita a kan raƙuma. Da ta kai Turai sai aka riƙa ce da ita fatar Maroko, don ta can ta bi. Da ita ake yi wa manyan littattafai bango, ana kuma ɗinka safar hannu da takalma masu tsada. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, fata da ƙirgi suka shiga cikin kayan da ake lodi tare da gyaɗa da auduga.

To, sai dai masu saye suna da kuka guda, watau fata mai kyau ce, amma hannu ya ɓata ta. Wuƙar mahauci ta huda ta wajen fiɗa. An shanya ta a ƙasa cikin rana, bayanta ya bushe ƙarau, cikinta kuwa ya ruɓe, ba a ganewa sai majemi ya jiƙa ta. Ga lalas da makiyayi ya yi wa saniya a tsakiyar jiki, ga tabon kaska da na ƙirci.

Saboda wannan ne a 1964, bisa roƙon Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wani ɗan wuri a Samaru ta Zariya domin koya wa ma'aikata gyaran fata da ƙirgi. Aikinsa na fari ba mai wuyar faɗi ba ne: a nuna yadda ake fiɗa, da wanki, da shanya, da rarraba fata daraja daraja. Waɗanda suka koya su koma mayanka da kasuwanni su nuna wa mahauta. A cikin shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta mai da wurin Ma'aikatar Binciken Fata ta Nijeriya. Daga nan aiki ya wuce koyarwa kaɗai, aka shiga awo da gwaji.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa cikin binciken nan shi ne bagaruwa. Majemanmu sun daɗe suna daka 'ya'yanta suna jima da su, ba su jira wani ya gaya musu ba. Masana suka auna, suka tabbatar kwasfar tana da sinadarin jima mai yawa, suka kuma nemi hanyar tace shi domin manyan masana'antu su rage sayen magani daga waje. Abin yana da muhimmanci, gama masana'antun jima na Kano, irin na Challawa da Sharaɗa, yawancinsu da sinadarin kurom suke aiki. Yana da sauri, amma ruwan da yake fita daga ciki yana ɓata rafi idan ba a tsabtace shi ba. Itacen da yaranmu ke wucewa a hanyar makaranta, ashe dukiya ce.

A 1988 aka faɗaɗa aikin ya haɗa da sauran sinadaran masana'antu, sunan ya koma NARICT, wadda take Basawa a yau. Sashen koyarwa ya ware ya zama kwaleji a farkon shekarun 1990, sa'an nan a 2011 aka ba shi sunan NILEST, yana nan Samaru, yana bincike yana kuma ba da difloma kan fasahar fata. Iyaye su lura da wannan. Na sha ganin yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, ya zauna shekara uku yana jiran likitanci, don gidansu suna ganin jima aikin wari ne. Ai Bitrus manzo a gidan majemi ya sauka a Yafa, ya yi kwanaki da yawa, a can kuwa mutanen Karniliyas suka same shi.

Ma'aikata ta girma, amma fatar da za ta yi aiki a kai tana raguwa. Ƙirgi mai yawa yana ƙarewa a tukunya, an babbake shi ya zama ganda. Satar dabbobi ta ci garkunan Zurmi da Shinkafi, har a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Wadda ta tsira kuma, sau da yawa darasin 1964 bai kai gare ta ba.

Kirsimeti na zuwa, gidaje da yawa za su yanka akuya. In an tsaga, a ajiye wuƙa, a sa dunƙulen hannu a ture fatar daga nama. A wanke jini, a kankare kitse tun da ɗanyenta. Wanda zai kai wa dillali washegari ya barbaɗa mata gishiri sosai ta wajen nama, ya naɗe. Wanda zai ajiye kuwa ya ɗaure ta da igiya a jikin katako ko tsakanin sanduna, a inuwa inda iska ke bi ta gaba da baya, kada ta taɓa ƙasa.